Karofin da Dodo Ya Yi wa Kwalliya

A Anka, in ka ce kana neman Dodo marini, ba wanda zai nuna maka gida. Hanya za a nuna maka, a ce yanzun nan ya bi ta nan. Ka bi, ka tarar ya bar wurin. Mutum ne siriri mai sauri, wanda ko shayi a tsaye yake sha, kuma tun yana yaro ba a taɓa ganin ya ƙarasa hira a inda ya fara ta ba. Matarsa Habiba takan ce ita ba miji ta aura ba, giftawa ta aura.

Abin dariyar shi ne sana'ar da ya gada ta zama ce. Ubansa Ɗanmusa marini ne, haka kakansa. A bayan gidansu marinar take, fili mai ramuka masu zurfi da ake kira karofi, inda ake jiƙa ganyen baba da toka a bar su su ruɓa har ruwan ya nuna, ya fara ba da shuɗi. Karofi kuwa abu ne mai rai, kuma yana da fushi. Kullum sai an zo an motsa shi da muciya, an shinshina, an ɗanɗana da bakin harshe. In ka yi masa doguwar tafiya, ka dawo ka tarar ya mutu, ya zama ruwan ɗoyi kawai. Ɗanmusa a bakin rami ɗaya ya ƙare rayuwarsa, har gefen da yake dafa ƙafa in zai motsa ya lotsa, ya ɗauki siffar dunduniyarsa.

Dodo bai iya wannan ba. Aikin kam ya iya, hannunsa ma ya fi na 'yan'uwansa, zaman ne ya gagare shi. Gemu bai fito masa ba ya gudu ya zama yaron mota a hanyar Anka zuwa Gummi har Sakkwato. Da ya gaji da hayaƙi ya ce noma zai yi, ya ari gona a Gwashi, ya yi huɗa da shuka kamar gaske, amma kafin dawa ta fitar da kai an gan shi a kasuwar Bukkuyum yana tallar goro. Ya yi kabu-kabu, ya yi awon wake, ya yi gyaran fitila. Da zinariya ta ɓulla, yana cikin waɗanda suka fara niƙa dutse a Abare, har ya kwashi Habiba da ƙananan yaransu ya kai su can. Suna nan har shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje ta riƙa ɗaukar yara. Wannan ne karon farko da aka ga tsoro a idon Dodo. Ya tattara iyalinsa ya dawo Anka, Allah ya sa da sauran kwanansu duka.

Abin da ya tarar a gida bai yi masa daɗi ba. Atamfa da galura, hodar rinin nan ta kanti, sun riga sun kashe kasuwa. Masu rini sun watse, ramuka sun zama juji, wasu an cike su an ɗora shaguna. Ɗaya tak ya rage, na Ɗanmusa, shi ma tsohon da ƙyar yake ɗaga muciya, kuma bai daɗe ba ya rasu. Ana cikin zaman makoki Dodo ya tashi tsam ya zagaya baya ya motsa karofin, don ya tuna tun da aka yi rasuwar ba wanda ya taɓa shi. Daga ranar bai bari ba. Ba so ne ya riƙe shi ba, kunya ce, kada a ce a hannunsa abin ya mutu. Yawo dai bai daina ba, sai dai ya zama yawon akuya mai igiya: duk inda ya kai, la'asar a bakin rami take samunsa. Matan Fulani masu son baƙin zane, da tsofaffin da ba su yarda da galura ba, su ne suka riƙe shi da ɗan ciniki.

Ɗansa na fari, Kamilu, bai tashi a gabansa ba. Tun da aka yaye shi kawunsa na Gusau ya ɗauke shi, can ya yi makaranta, Anka sai da Sallah, lokacin da ba a rini. Kuma da yake ɗan fari ne, iyayen ba sa kama sunansa, ba sa sakar masa fuska a gaban mutane, “yaron Gusau” suke ce masa. Yaron Gusau ɗin nan ne ya yi ta karatu har aka ba shi tallafi ya tafi ƙasar Faransa, wani birni da ake kira Tuluz, yana nazarin tsirrai. Kafin ya tafi ya bar wa uwarsa waya mai hoto, ya koya mata inda za ta danna. Dodo in ya ji wayar ta yi ƙara, nan take zai tuna yana da abin ɗauka a tsakar gida. Ya yi ta kai da kawo a bayan Habiba yana leƙe, wai shi ba saurare yake yi ba.

Wata Juma'a bayan masallaci Kamilu ya kira, ya ce wa uwarsa ta miƙa wa Baba. Dodo ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi ƙwarya cike da nono. Yaron yana tafiya ne a cikin tsohon garin, ya juya wayar yana nuna masa. Ƙananan tituna, gine-gine duk na jan tubali, sai ga wata babbar ƙofa. A cikinta fili ne shimfiɗe da duwatsu, an share shi tas, benaye sun kewaye shi, ga hasumiya ta tashi sama.

“Baba, ka ga gidan nan? Da arzikin rini aka gina shi.”

Dodo ya tsaya cak. “Rini? Wanga rini namu?”

“Shi fa. Shuɗi.”

Kamilu ya ba shi labari. Wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, manoman karkarar Tuluz suna shuka wani ganye da suke kira fastel. Su tsinko shi, su daka, su dunƙule, su shanya, daidai yadda ake yi wa baba. Fatake su saye, su bi da shi kogi zuwa teku, su kai ƙasashe, don a lokacin duk mai son shuɗi a wajen nan da shi yake rini. Suka yi arziki har suka riƙa gasar gina gidaje, kowa yana so hasumiyarsa ta fi ta maƙwabcinsa tsawo. Daga baya jiragen ruwa suka fara kawo baba daga Indiya, wanda ya fi nasu ƙarfi, sai kasuwar ta faɗi. Amma gidajen ba a rushe su ba. Suna nan, ana kula da su, baƙi na zuwa kallo, ana kawo 'yan makaranta a ba su tarihi. Yanzu ma wasu sun koma shuka ganyen suna rini da shi, kuma akwai wata dattijuwa mai irin wannan marina da Kamilu yake taya aiki ranakun da babu karatu.

Dodo ya daɗe yana kallon hasumiyar. Sannan ya ce, “To gidan marinin hwa? Shi wanda hannunai yash shiga ruwa?”

“Wannan na fatake ne, Baba. Na masu rinin ban ji an ce ga shi ba.”

“Ko can ma,” in ji Dodo, ya miƙa wa Habiba wayarta.

Daga ranar nan abin ya shige shi, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya riƙa zagaya Anka yana kallonta kamar bai taɓa gani ba. Gari ne da sarautar Zamfara ta zauna a cikinsa tun kaka da kakanni, amma ga tsohuwar ganuwa nan ta zaizaye, masu gini na ɗibar ƙasarta, ga zaurukan da ya sani yana yaro sun koma bulo da kwano. Haushi ya kama shi, bai ma san wa yake jin haushi ba. A teburin mai shayi ba shi da zance sai na Tuluz da jan tubalinta, har aka laƙaba masa Dodo na Faransa. In an faɗa sai ya yi tsaki, amma a ransa daɗi yake ji.

Ana haka sai Kamilu ya kira ya ce zai zo hutu da damina. Ya ce ya ba dattijuwar nan labarin marinar kakansa, ta ba shi farin ƙyalle saƙar ƙasarsu, tana so a tsoma shi a karofin Anka, ta rataye shi kusa da nasu, a rubuta sunan garin a ƙasa. Sannan yaron ya ƙara da wata magana a hankali. Ya ce shi fa, Baba, ya tsoma hannu a rinin mutanen nan har ya gaji, amma bai taɓa tsayawa a bakin ramin gidansu ya ga an tsoma ko tsumma ba.

Maganar ta soki Dodo. Gaskiya ce, kuma ya san dalili. Ya ƙudurta a ransa cewa ko me za a yi, yaron nan sai ya tsaya a bakin karofin kakansa ya ga ƙyalle ya shiga fari ya fito da launi. Bai taɓa son wani abu haka ba.

To, a ƙasar nan in za ka yi baƙo, gyara ake yi. A yi shara, a yaɓe bango, a ɓoye tsofaffin tukwane a bayan ɗaki. Ba a nuna wa baƙo tsufan gida. Da la'asar Dodo ya je motsa karofi, sai ya tsinci kansa yana kallonsa da idon baƙo. Bakin ramin baƙi ƙirin, duk ya tsattsage. A gefe ga tulin katsi, baƙar lakar nan da ke kwantawa a ƙasan karofi, ga wari, ga ƙudaje. Ya tuna filin nan na duwatsu da aka share tas. Ya san yaron zai ɗauki hoto ya kai can, a ga nan ne gidan su Kamilu. Kunya ta rufe shi.

Washegari ya kawo bokiti ya fara kwashe ruwan.

Habiba ta leƙo ta katanga. “Malam, mi kaka yi? Ruwan ga lahiyatai lau, mi yai maka?”

“Baƙo za mu yi. Ko ɗaki a kan share.”

“Baƙon ga ba ɗanka na ba?”

“Ke dai ki koma ga tuwonki.”

Ya kwashe tas. Ya kira magini ya shafe ramin da siminti ciki da bai, ya daidaita bakin, ya cike lotsawar dunduniyar Ɗanmusa, aka bi gefen da farin fenti. Tulin katsi kuwa ya sa aka kwashe a baro aka zubar a kwari, ruwan sama na farko ya tafi da shi. Kada ka ce Dodo bai san amfanin katsi ba, ya sani sarai. Shi ake busarwa a ƙona a mayar cikin sabon haɗi, ta haka kowane ruwa yake ɗauke da wani abu na wanda ya gabace shi, tun daga na kakansa. Amma mutumin da ke sauri yakan yi wa kansa wayo. Ya ce ai hannu ne rini, toka kuma duk toka ce. Ya zuba sabon baba da tokar murhu, ya cika da ruwa, ya koma gefe yana kallon aikinsa. Gaskiya wurin ya yi kyau, sai dai ba ka ce marina ba ce.

Kamilu ya iso ya yi fari, ya yi ƙiba kaɗan. Ya durƙusa ya gaida ubansa, Dodo ya amsa yana kallon katanga, ya tambaye shi hanya, ya tambayi mutanen can, shi ke nan. Amma ya kasa zama. Yaron bai gama shan furar da uwarsa ta dama ba Dodo ya ce masa, “Taso ka gani.”

Kamilu ya tsaya a bakin farin ramin. Ya zagaya shi, idonsa a ƙasa, kamar mai neman abin da ya yar.

“Baba, ina wurin ƙafar Kaka? Na ba su labarinsa a can.”

“An gyara.”

Yaron ya ɗago ya ce, “Ya yi kyau, Baba.”

Da zagi ne da ya fi wa Dodo sauƙi. Nan ya gane yaron tsohon abin ya zo nema, shi kuma tsohon abin ya biya aka rufe. Bai tsaya baƙin ciki ba, don akwai abin da ya fi wannan. Ruwan ya ƙi tashi. Lokacin da ya kamata a ce kumfa ta fara taruwa a sama, wari ya fara fita, ya zo ya wuce, karofi shiru. Ya motsa da safe, ya motsa da rana, ya ƙara toka, ya ƙara baba, ya rufe da tabarma saboda sanyin damina. Ya ɗanɗana, harshensa ya gaya masa abin da ba ya so ya ji. Hutun yaron kuma yana ta guduwa.

Wani maƙwabci ya ja shi gefe ya ce ya zuba galura mana, wa zai sani? Dodo har ya saya. Ya wuni da ƙullin a aljihu yana zagaya gari, ya zo bakin ramin ya koma, ya sake zuwa ya koma. Da yamma ya mayar wa mai kanti kayansa, ya ce ya ba wani.

A duk yankin mutum ɗaya ya sani da ya rage da karofi mai rai, shi ne Jibo na Gummi, tsohon abokin ubansa. Ya ce zai je ya roƙo ruwa. Kamilu ya miƙe ya ce zai raka shi, Habiba ta tare ƙofa.

“Ba inda za ka. Hanyar ga ta yanzu? Wanda anka san daga waje yaz zo? In dai ni na haihe ka, ka zamna.” Ta juya ga mijinta, muryarta ta sauka. “Kai ko, Malam, yaro ya taso daga bangon duniya ya zo ganinka, kai kuma ka kama hanya. Yaushe za ku zamna wuri guda?”

“Yau-yau nika dawowa,” in ji Dodo, ya ɗauki jarka.

Hanyar da ya taɓa yi yana rataye a ƙofar mota yana waƙa, yanzu ba mai waƙa a cikinta. Sai motoci sun taru sannan a tashi tare, kowa ya yi tsit, ido na kan daji. Ya isa Gummi bayan azahar. Ya tarar da Jibo a bakin raminsa, tsoho tukuf, ido ya kusa tafiya, hannuwa baƙaƙe har gwiwa.

Kafin ya gama sallama tsohon ya ɗaga hanci. “Wa na? Na ji warin baba, amma na wanda yam mutu.”

“Ni na, Baba. Dodo na Ɗanmusa.”

Ya zauna ya zayyana masa komai, bai ɓoye ko fentin ba. Jibo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Siminti! Hadda henti! Kai, Dodo, amarya za ka sa ciki?”

“Baƙo nig gyara ma, Baba.”

“Sabon siminti zahi garai, shina ƙone baba. Ga shi ka zubda katsi. To da mi ruwan ka tashi? Uwatai ka zubda.” Ya goge hawayen dariya da bayan hannu. “Ka koma ka kwashe. Ka cika da ruwan banza, ka bari ramin shi sha, ka kwashe, ka sake, har zahin shi hita. Sannan ka haɗa sabo, ka zuba wanda za ni ba ka.”

“Shina nuna kahin yaron shi koma?”

“Ga damana? Ba shi nuna.” Sai tsohon ya sassauta. “In ƙyalle na damuwa, aiko shi in tsoma maka nan. Baba dut baba na. Mutanen can ba su rarrabe na Gummi da na Anka.”

Dodo ya sunkuyar da kai. “Ba ƙyallen ba na, Baba. So nika yaron shi tsaya bakin ramin kakanai shi gani da idonai. Tun da anka haihe shi ban ba shi komi ba. Wanga ɗai gare ni.”

Jibo bai ƙara dariya ba. Ya sa aka zura guga har ƙasan karofinsa, aka cika jarkar da ruwa mai kauri, aka ƙulla masa ƙonannen katsi a buhu. Ya ce kada ya bari rana ta doke ta.

“Yau-yau” ɗin Dodo bai yiwu ba. Yana isa tasha aka ce an tare hanya a daji, direbobi suka ce ba mai tashi. Washegari ma haka, da wanshekaren. Gummi ba ta taɓa ganin mai zagaye irinsa ba. Daga tasha ya sauka bakin gulbi, daga gulbi ya koma tasha, ya leƙa jarkar da ya ɓoye a inuwar rumfa, ya sake tambayar ɗan kamasho abin da ya tambaye shi ɗazu. Ransa ya ɓaci da kansa ƙwarai. Ɗansa yana zaune a gidansa a Anka, abin da ya yi shekaru yana so, shi kuma ga shi a wani gari yana gadin jarka.

Ranar da hanya ta buɗe, rigima ta koma cikin mota. Ba a yi nisa ba warin ya cika ta. Wata mata ta toshe hanci da mayafi ta ce ko gawa aka ɗauko a faɗa musu, wani ya ce a sauke shi da kayansa. Direba ya ce a ɗaure jarkar a sama, Dodo ya ce sai dai a ɗaure shi tare da ita, don rana. A ƙarshe aka tura shi kujerar baya, aka buɗe tagogi duka, ya rungume ta a cinya ya lulluɓe da rigarsa har Anka.

'Yan kwanakin da suka rage wa Kamilu a bakin rami suka ƙare. Suka kwashe mataccen ruwan, suka cika, suka kwashe, suka sake. Uban na ciki yana miƙo bokiti, ɗan na sama yana karɓa. Ba su yi wata hira ba, daga “karɓi” sai “kawo”, amma Habiba ta ce ba ta taɓa ganin mijinta ya wuni wuri ɗaya ba tare da an yi rasuwa ba sai lokacin. Hannun yaron ya yi kanta, farar rigarsa ta lalace, bai damu ba. Da aka zo haɗa sabon ruwa, Dodo ya auna baba da katsin Jibo, sannan ya tura wa Kamilu jarkar da ƙafa.

“Kai zuba.”

Kamilu ya yi bisimilla ya zuba. Suka leƙa tare. Ruwa ne dai baƙi-baƙi, ba abin gani.

Ranar tafiya ta zo karofi bai ce komai ba. Kamilu ya fito da farin ƙyallen daga jakarsa, ya ninke, ya ajiye a hannun ubansa, ya ce duk ranar da ya nuna a kira shi, ko yana aji zai fito. Dodo ya ce to. Uba ba ya raka ɗan fari tasha, don haka ya tsaya a ƙofar gida ya ce Allah ya kiyaye hanya. Amma masu shago sun gan shi ya bi ta lungu da sauri, ya tsaya a bayan wata rumfa har motar ta ɓace.

Ruwan sama ya ɗan ɗauke, rana ta buɗe. Wata safiya Habiba tana shara ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, “Malam, ba ka ji ba?” Wari ne ya tsallako katanga, warin nan da maƙwabta suka yi shekaru suna ƙorafi a kansa. Dodo ya fita ba takalmi. Ya ɗaga tabarmar ya ga kumfa ta taru a tsakiya, shuɗiya mai ƙyalli ja-ja. Ya taɓa ya kai harshe, ya ji yajin da yake nema. Ya zauna a kan farin fentin.

Habiba ta zo da waya. A marina sai an ɗaga hannu sama ake samun layi, ta yi ta juyawa har fuskar Kamilu ta fito, yana tsaye a wani titi mai jan bango, yana haki, da alama da gudu ya fito.

“Ya nuna?”

“Ya nuna,” in ji Dodo. “Duba da kyau. Sau guda hwarin ƙyalle ka shiga hwari.”

Ya jiƙa ƙyallen da ruwa, ya matse, ya durƙusa a bakin ramin. Ya zura shi a hankali ta gefen kumfar har hannuwansa suka nutse, ya riƙa murza shi a ƙarƙashin ruwa, ba gaggawa. Sannan ya ɗago shi. Ƙyalle ba ya fitowa daga karofi da shuɗi. Kore yake fitowa, kore mai ratsin rawaya, sai ya sha iska sannan ya juya a hannun mai shi.

“Ya fito, Baba! Buɗe shi, ina kallo, buɗe...”

Dodo ya miƙe ya ware ƙyallen da hannu biyu, ruwa na zuba a ƙafarsa.

“Malam,” in ji Habiba, “hoton ya tsaya. Ba shi motsi.”

“Ki dai riƙe.”

“Ya yanke, Malam.”

“Na ce ki riƙe.”

Ta riƙe. Daga gefe-gefe koren ya fara duhu, ya bi zare yana shiga tsakiya, har ƙyallen duka ya koma shuɗi mai zurfi, irin wanda Dodo bai taɓa fitarwa da hannunsa ba. Ya matsa kusa da baƙin gilashin wayar, ya nuna masa gaba, ya juya ya nuna masa baya.

“Ka gani?” ya ce da ƙarfi. “Ka dai gani ko?”

Habiba ba ta sauke hannu ba, ta bar shi ya gama nunawa.